Goɗiyar Baba Saje

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, a tsaye kan ƙafafunka, ko da sun kumbura.

Kafin komai, a matsayina na maigida, wajibi ne in sanar da kai wani babban al'amari da ya auku bayan tafiyarka, don kada ka ji shi a bakin mutane. Jar kazar mahaifiyarka ta yi juyin mulki a zaure. Ta haye babur ɗin kakanka, ta kafa gwamnati a cikin kwandon da ke ɗaure a bayansa, ta zuba ƙwai, yanzu haka tana kwanci. Na je da niyyar sulhu ta sare ni a hannu. Mahaifiyarka ta ce a ƙyale ta, tun da a 'yan shekarun nan ita kaɗai ce ta san abin da za ta yi da babur ɗin.

An gaya mana cewa a inda ake ba ku horon soja waya suke fara karɓewa, sannan gashin kai. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, zan ba direban da ke lodin Zariya ya san yadda zai yi ta iso hannunka. Hakan ma ya fi mini. A waya da na tambaye ka abinci da sauro, na kashe.

Ka bar gidan nan ban sa maka albarka ba. Ka durƙusa a ƙofar ɗakina da jakarka, ka ce, "Baba, zan tafi." Na ce "to" ban ɗaga kai daga littafi ba. Mahaifiyarka ta ce maganar da ka bar mata a bakin zaure ita ce, "Inna, ki roƙar mini Baba." Ta roƙa, da irin roƙonta da ya fi kama da sammaci. Amma kafin in zo kan wannan, sai ka yi haƙuri ka ji labarin mai sunanka, domin ta nan hanyar ta biyo.

Ka san shi yana tsoho mai zama a zaure. Ni na san shi yana da ƙarfinsa. Sunansa Mamman, sunan da na sa maka, shi ya sa bakina ba ya iya kiran ka sai da Abba. Da igiya biyu ya bar soja, wato kofur, amma mutanen Tudun Wada suka ga abin bai yi musu ba, suka ƙara masa girma zuwa Saje, shi kuma bai taɓa kai ƙara ba. A yaƙin basasa aikinsa kai saƙo ne a kan babur. Ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu da son babur a zuciya, kuma duka biyun bai rabu da su ba. Da ya sami hali ya sayi wani baƙi, ya sa masa suna Goɗiya. Yana goge ta da tsohuwar rigarsa ta soja, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. A kanta ya kai kakarka asibiti duk haihuwar da ta yi, a kanta ya kai mu makaranta, ɗaya a tanki, sauran a baya kamar kayan miya.

Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci, sai ya ɗaura goro da sabulu da gishiri a kwandon nan da kaza ta mallake, ya kama hanya. Wannan Juma'ar gabas, Kucheri ta wajen Tsafe, gun ƙanwarsa Gwaggo Asabe. Ta gaba yamma, Kekun Waje ta wajen Bungudu, gun wata Bafillatana da muke kira Inna Hajo, matar abokinsa Buba da ya rasu a yaƙi. Ya dawo kafin magariba da nono ko ƙwan zabi, da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi fushi da matarsa da yadda aka sasanta. Dangin nan da kake gani suna gaisawa, a kan tayar Goɗiya aka ɗinke su.

Yana da wata ɗabi'a. Ba ya isa ƙofar kowa da inji a kunne. Tun daga bakin gari zai kashe, ya sauka, ya kama ƙaho ya tura, da ɗingishinsa, har ƙofar gidan da za shi. Ko nan gidansa, daga kan kwana yake kashewa. Ina yaro na taɓa raka shi Kekun Waje, rana tana dukan mu, muna turi. Na ce, "Baba, mai ne ya ƙare?"

Ya ce, "Mai shina nan."

"To me ya sa muke turawa?"

Ya dube ni ya ce, "Ka gaji ne?"

Na ce a'a, don kunya. Daga nan na yanke wa kaina hukunci cewa tsimin mai ne, ban sake tambaya ba. Da na girma na zama malamin makaranta, sai abin ya zama abin ba da dariyata a ɗakin malamai. Nakan ce duk Zamfara mahaifina ne kaɗai ya sayi babur don ya riƙa fita da shi kiwo. Aka yi ta ɗauka ana yaɗawa har ta dawo kunnensa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam ya iya magana." Malam yake ce mini, ka san ɗan fari ba a kiran sunansa, kuma yana da yadda yake jan kalmar da ban taɓa sanin yabo ne ko ba'a ba.

A can za ka tarar da tsofaffin sojoji masu ɗabi'u iri-iri. Wani ba ya zama ya ba ƙofa baya, wani ba ya cin wani abinci, wani yana ɗaure takalminsa wata irin ɗaura. Sababbi za su yi dariya. Kada ka taya su. Ka jira ranar da mutumin ya saki jiki, ka tambaye shi da ladabi, in ya ƙi faɗa ka ƙyale shi. Ni ban sake tambaya ba, don na ɗauka na riga na sani.

Kuma ba rashin son labarin yaƙi ne ya hana ni ba. Ka ga kantar littattafaina. Babu yaƙin da aka yi a duniya da ban san wanda ya ja daga da wanda ya gudu ba. Wata rana ya shigo ɗakina ya tarar da littafi a buɗe da taswira. Ya sunkuya, ya ɗora yatsa a kan wani kogi, ya ce, "Wanga gulbi na ƙetare shi." Ka san abin da na yi? Na gyara zama na shiga ba shi labarin yadda faɗan ya kasance a bakin kogin, kamar yadda marubucin ya tsara. Ya tsaya yana saurare har na gama. Sai ya ce, "Ashe haka aka yi." Ya fita. Bai ƙara ɗora yatsa a kan taswirata ba. Kai ma kana da takardar makaranta, kuma za ka zauna ƙarƙashin waɗanda ba su da ita. In mutum ya fara ba ka labarin abin da ya gani da idonsa, ka rufe bakinka. Littafin yana nan, ba inda za shi.

Sai shekaru suka ja, idonsa ya fara raguwa, hanyoyinmu kuma suka lalace da 'yan bindiga. Ba sai na ba ka wannan labarin ba, a cikinsa ka tashi. Wata Juma'a ya dawo daga Kucheri da gwiwa a ƙuje, ya ce yashi ne ya kwashe shi kusa da Tsafe. Tsoro ya kama ni. Maimakon in zauna gabansa in ce, Baba, ina jin tsoro, sai na yi dabara irin ta masu ilimi. Na faki idonsa na kwance fulogin Goɗiya na jefa a gwangwanin birona.

Ka duba wautar. Mutumin da ya kwance babur ya ɗaure a dokar daji ana harbi, shi na cire wa fulogi ina tsammanin zai ɗauka tsufa ne ya kama injin. Ranar Juma'a ya fito da babbar riga, ya ɗaura kwandonsa, ya taka kik. Shiru. Ya sunkuya ya duba, ya ga ramin. Ina tsaye ina gyara hula kamar baƙo.

Ya ce, "Malam, Goɗiya ta yi giɓi."

Na ce, "Ƙila yara ne."

Ya ce, "Ƙila."

Ya kwashe kayan kwandon, ya mayar da goron ciki. Fulogi ba wani abu ba ne, ko yaro ya aika bakin titi sai a kawo masa sabo. Bai aika ba. Mahaifiyarka ta tambaye shi, "Baba, yau ba fita?" Ya ce mata, "Maigida ya ba da oda." Soja ne, ya san oda in ya gan ta. Sai a ranar na san cewa na zama maigida, kuma ban ji daɗin yadda na zama ba.

Ban ce hanyar tana da kyau ba. Mutane sun salwanta a kanta, har da waɗanda muka sani. Ƙila da na yi masa magana da ya yarda ya rage, ƙila da ya ƙi, mu yi ta ja. Ko wanne ne dai da na bar masa girmansa. In ka ji tsoro a kan wani naka, Abba, ka faɗa masa tsoro kake ji. Kada ka sa wa tsoron rigar hikima ka fito da shi. Wanda ake yi wa yana ganewa.

Don in wanke kaina, na yi masa alkawarin zan riƙa kai shi a mota kowace Juma'a. Na kai shi a farkon. Muka isa bakin Kucheri ya ce in tsaya ya sauka. Na ce ina dalili, ga ƙafarsa, ga mota. Na kai shi har ƙofar Gwaggo Asabe, har da danna oda don a san mun iso. Ya zauna a kujerar gaba da hannuwansa a cinya, kamar saƙon da aka ba direba. Daga nan uzuri ya fara. Yau ina duba takardun jarrabawa, gobe taron malamai, jibi an ce hanya ba kyau. Wasu uzurin gaskiya ne. Mafi yawansu dai na ga zaman ƙauye ana ta gaisuwa ba ƙarewa ɓata lokaci ne.

Aka aiko cewa Gwaggo Asabe ba ta jin daɗi. Ya same ni ya ce, "Malam, Juma'ag ga fa?" Na ce, "Sai dai ta sama, Baba, in Allah Ya kai mu." Ya ce, "Allah Shi kai mu." Mu Ya kai mu. Ita kafin Juma'ar ta sama ta zo an yi mata sutura. Ranar kuwa ba jarrabawa, ba taro, ba wanda ya yi maganar hanya. Motar da ta rasa lokacin kai shi gaisuwa ta sami lokacin kai shi jana'iza. A hanyar dawowa na yi ta jiran ya ce wani abu, ko faɗa ne in samu sauƙi. Har muka shigo Gusau abin da ya ce kawai shi ne, "Hanya ta yi kyau yau."

In ka karɓe wa mutum abu ka ce za ka tsaya a madadinsa, to ka tsaya. In ba za ka iya ba, mayar masa da abinsa. Kuma duk ranar da suka ba ku wayoyinku, kada ka ce sai ka huta. Kira mahaifiyarka, ka kira gwaggonninka ko da gaisuwa ce ta minti kaɗan. Ni na saba cewa "ta sama", ga inda ta kai ni.

Bai daɗe sosai bayan ƙanwarsa ba. Kana makaranta lokacin, ka zo ka tarar ana zaman makoki. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya faru ranar da Inna Hajo ta zo gaisuwa. Ta tsufa ƙwarai, jikanta ne ya riƙo hannunta. Da ta shigo zaure ta ga Goɗiya a jingine, ƙura ta rufe ta, sai ta tsaya ta dafa sirdin. Ni kuma, da bakina da ba ya gajiya, na so in sauƙaƙa mata, na ce, "Inna, ga abokiyar turinsa nan. Ta huta, shi ma ya huta da tsimin mai."

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Lawali, tsimin mai ya ce maka?"

Na ce, "Bai ce ba."

Ta ce, "To zauna."

Na zauna a kan tabarma kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce lokacin da Buba zai tafi yaƙi tana da goyo. Ya ce mata in an gama, a bayan babur ɗin abokinsa Mamman zai dawo, ta riƙa saurare. Ta yi ta saurare. Da aka gama yaƙin, wata rana da hantsi tana burga nono, sai ta jiyo kukan babur daga nesa, lokacin kuwa babur ba ya zuwa rugarsu. Ta ce ba ta san sa'ad da ta ture ƙwaryar ba. Ta fita da gudu ba takalmi, tana guɗa, matan ruga na biye da ita. Ta iso bakin hanya ta ga mutum ɗaya a kan babur, da jaka ɗaure a inda Buba ya kamata ya zauna.

Ta ce, "Babanka ya sauka, ya kwance jakar Buba ya miƙo mini. Ni ina haki, dariyar ba ta gama barin fuskata ba. Da ya dawo duba yaron bayan kwana arba'in, ban ji zuwansa ba, sai sallama na ji a bakin bukka. Na ce, Mamman, ina babur ɗin? Ya ce ga shi nan ya turo. Ya ce shi da ya sake sa wata mace gudu, har abada."

Ta shafa sirdin ta ce, "Mai kam, ko na roƙa zai ba ni."

Abin da na yi shekaru ina ba da dariya da shi ke nan a ɗakin malamai.

Yanzu ka ga inda na nufa. Ranar da ka zo ka ce mini soja za ka shiga, ban ji maganarka ba. Abin da na ji shi ne ƙarar taya a kan tsakuwa, wani yana turo babur zuwa ƙofar gidana a hankali. Na san yanzu ba a turo babur, waya ake bugawa, amma abin da na ji ke nan. Da na ce maka haka, da ka fahimta. Sai na ce maka soja aikin wanda karatu ya ƙi ne, na ce ban biya maka makaranta don ka je ana yi maka tsawa kana ƙamewa ba. A zaure na faɗa, kana tsaye kusa da Goɗiya, kai da ke ɗauke da sunan mai ita. Ka ce, "Baba, garuruwanmu ne ake ƙonawa, wani ne zai zo ya tsare mana?" Na ce kada ka karanta mini jarida. Fulogin na sake cirewa, Abba. Bambancin kawai shi ne kai ba ka mayar da goron ciki ba, ka tafi. Na yi fushi da hakan, yanzu kuma ina gode wa Allah da ka tafi ɗin.

Abu ɗaya nake so ka ɗauka daga mai sunanka zuwa wannan aiki. A zamaninsa kukan babur yana sa mace ta fito da gudu tana murna. A namu zamanin, a Kucheri da Kekun Waje da ƙauyukan da ke bayansu, kukan babur yana sa ta saɓi ɗanta ta yi daji. In Allah Ya sa aka tura ka irin waɗannan wurare, za ka shiga da bindiga da takalmi mai nauyi cikin mutanen da tsoro ya riga ya cinye. Ba kowane Bafillace ne ɓarawo ba, ka tuna nonon da ka sha na rugar Inna Hajo ne. Ba kowane manomi da ya kasa ba ka amsa ne yake ɓoye wani abu ba, wani bakinsa ne ya mutu don ya gan ka. Ka yi sallama. Ka rage murya in kana magana da tsoho. Ban san yadda ake kashe inji a aikinku ba, kai za ka gano, amma ka nemi hanyar.

Fulogin yana nan a gwangwanin birona, ban taɓa iya zubar da shi ba. Da zarar gwamnatin kaza ta ƙyanƙyashe ta sauka daga mulki, zan kira bakanike ya duba Goɗiya, a wanke tanki, a sa taya. Taka ce. Ni ban iya hawa ba, ka sani, ilimina bai kai nan ba. In ka zo hutu kuma hanya ta yi dama, ka goya ni mu je Kekun Waje mu gai da Inna Hajo tun tana da rai. Zan sauka a bakin gari in taya ka turi.

Amma ranar da za ka dawo gidan nan, kada ka yi mana irin ta kakanka. Ka ce wa ɗan acaɓa ya kawo ka har bakin zaure, ya yi ta danna oda har maƙwabta su yi tsaki. Mahaifiyarka tana saurare tun yanzu, na gan ta tana tsayar da aiki in babur ya wuce. Ina so in ta fito da gudu ta tarar da kai a kai.

Na sa maka albarka, Abba, da zuciya ɗaya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga harsashi da zalunci, naka da na wani. Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai irin Buba da Mamman. Ya dawo mana da kai lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya jiƙan mai sunanka da Gwaggo Asabe, Ya yafe mini abin da ke tsakanina da su. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ka riƙe salla ko da a tsaye ne cikin takalmi.

Mahaifinka,
Lawali.

Mahaifiyarka ta sa na karanta mata kafin in rufe. Ta ce na cika takarda da kewaye-kewaye, har kaza ta samu shiga, amma maganar da ta aike ni ban faɗa ba. To ga ta. Kai ke da gaskiya ranar nan. Ni na yi kuskure.